In Za Ku Tafi Hutu da Jariri, Wa Zai Huta?

A dare na uku na tafiyarmu ta farko da 'yarmu, na farka wajen ƙarfe uku na ga babu kowa a gefena. Haske na fitowa ta ƙasan ƙofar banɗaki. Na tura ƙofar, sai ga mai ɗakina a tsaye, yarinyar a kafaɗarta, tana jijjiga ta tana yi mata waƙa ƙasa-ƙasa. Can ta shige da ita ta rufo ƙofa don kada kukan ya tashe ni, ya kuma tashi mutanen ɗakin da ke jikin namu, waɗanda da rana suka riga suka yi mana wani irin kallo a bakin lifta. A kan ƙarfen labulen wanka ga ƙananan riguna huɗu da ta wanke da sabulun wanka, suna ɗiga. Ta dube ni, idanunta sun yi jawur, ta ce a hankali: "Maigida, don Allah gobe mu koma gida in samu in huta."

Ni na tsara tafiyar tun daga farko har ƙarshe, kuma Allah ya sani dominta na tsara. Wata biyar ke nan da haihuwarta, ba ta ga komai ba sai bangon ɗaki da layin asibiti. Na ɗauki hutu a wurin aiki, na zauna da taswira a waya, na jera wurare uku da za mu zaga cikin kwana biyar, kowanne da abin kallonsa. Abin da ban zauna na lissafa ba shi ne aikin da take yi kullum, ko a gida za a bar shi. Ba a bar shi ba. Ya biyo mu cikin jaka, ya kuma ƙara nauyi, domin a gida ta san inda komai yake, tana da inda take shanya, tana da wadda za ta miƙa wa yarinyar ta je ta watsa ruwa. A masauki babu ko ɗaya daga ciki.

Tun daga ranar nake da ra'ayi guda a kan wannan batu, kuma duk sabon uban da ya tambaye ni shi nake faɗa masa. Iyaye in za su yi tafiyar hutu da jariri, abin da suke fara tambaya shi ne ko yaron zai jure. Tambaya ce mai kyau, amma ita ce mai sauƙi, don likita zai amsa ta cikin minti goma. Wadda ake tsallakewa ita ce: wa zai huta a tafiyar nan, da ƙarfe nawa, kuma a lokacin wa ke riƙe da yaron? In ba a amsa wannan ba tun kafin a ɗaure kaya, amsar za ta zo da kanta. Uba zai huta, manyan yara za su yi wasa, uwa kuwa an sauya mata wurin aiki ne kawai, an kai ta inda babu kayan aikin.

Shi jariri ba ruwansa da yawon buɗe ido. Yawancin mutane ba sa iya tuna abin da ya same su kafin su kai shekara 3, ballantana wata 5. Teku da dutse da dogon bene duk ɗaya suke a wurinsa da fankar da ke juyawa a rufin ɗaki. Abin da ya sani shi ne ƙamshin jikin uwarsa, da lokacin da cikinsa ke neman nono, da yadda aka saba kwantar da shi. Don haka a daina fakewa da shi. Tafiyar ta manya ce, kuma faɗin haka ba abin kunya ba ne. In aka yarda da wannan, sai a kare lafiyar yaron, a bar masa lokutan barci da cinsa yadda ya saba, sauran shirin duka a gina shi a kan mutumin da ya fi kowa gajiya a gidan.

Akwai masu cewa a zauna a gida kawai, kuma mahaifiyata tana cikinsu. Da na je yi mata sallama sai ta ce, "Yanzu kai ina za ka kai ɗanyen goyo haka? Me ya yi zafi?" Na ce, "Hajiya, kwana biyar ne fa kacal." Ta ce, "To, Allah ya tsare," amma na ga ba ta gamsu ba. Ba zan ce ba ta da gaskiya ba, musamman a kan makonnin farko. Jaririn da bai kai wata 3 ba, in zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti ake nufa da shi nan take ko da tsakar dare ne, domin a wannan ƙuruciyar cuta mai tsanani kan ɓuya a bayan ɗan zazzaɓi. Ita ma uwar, cikin makonni 6 na farko bayan haihuwa jini ya fi saurin daskarewa a jijiyoyin ƙafarta, kuma dogon zama a mota ko jirgi yana ƙara haɗarin. Wanda ya ce a bari waɗannan makonni su wuce tukuna, da hujjarsa.

Ko bayan sun wuce, katin rigakafin yaro ya kamata a buɗe kafin a buɗe taswira. Ɗauki ƙyanda. Ƙwayar cutar kan zauna a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka kusanci mai cutar, kusan 9 kan kamu. Allurarta ta farko kuwa a ƙasashe da yawa sai yaro ya kai wata 9, a wasu ma sai wata 12. Ke nan jaririn da ake ratsa cunkoson tasha ko filin jirgi da shi yana wata 7, bai samu wannan kariya ba tukuna. Shi ya sa ake iya yi wa yaro allurar da wuri, tun daga wata 6, in za a kai shi inda cutar ke yawo, amma sai iyaye sun tambaya. Allurar zazzaɓin shawara, wadda wasu ƙasashe ba sa barin baƙo ya shiga sai da katinta, daga wata 9 ake yin ta. In kuma wurin na sauro ne, gidan sauro ya shiga jaka kafin komai, don maganin shafawa na korar sauro ba a shafa wa jaririn da bai kai wata 2 ba. Duk waɗannan magana ce ta zama guda da ma'aikacin lafiya, wata ɗaya kafin tafiya. Wani lokaci zaman zai sa a sauya wurin da za a je, kuma gara a sauya tun tikiti bai shiga hannu ba.

Inda na rabu da masu cewa a zauna shi ne inda suke cewa "sai yaro ya yi wayo." Yaushe ke nan? Kafin ya yi wayo sau da yawa an samu ƙaninsa, kafin wannan ya yi wayo an samu wani. Mace kan kwashe shekara bakwai ko takwas a haka, kowa a gidan yana fita yana dawowa, ita tana jiran ranar da ba ta zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna fama da larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. Ban ce kwana uku a masauki magani ba ne. Wadda ta kamu da wannan ciwo likita take buƙata. Amma rashin barci da kaɗaici suna cikin abubuwan da ke rura shi, kuma su biyun ne abincin mai jego na yau da kullum. Har sunan da muka ba abin yana yaudararmu. Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta ce a ba mace mai aiki aƙalla makonni 14 in ta haihu, mu kuma muka kira shi hutun haihuwa. Sai ka ji miji yana cewa, "Ai ke wata uku kina hutu." Matar da ake tashinta sau huɗu kowane dare ba ta ga hutu ba. Wadda ba ta aikin albashi kuwa, ko sunan ba ta samu ba.

Akwai wani ɗan tsakani da iyaye da yawa ba sa lura da shi sai ya wuce, daga wajen wata 3 zuwa wata 6. Wuyan yaro ya fara tsayawa, an yi masa alluran farko, bai fara rarrafe ba, inda ka ajiye shi nan za ka same shi. Daga wajen wata 8 kuwa ƙiwa kan fara, ya ƙi hannun kowa sai na uwarsa, ga rarrafe, ga haƙori, duk abin da ya tsinta a ƙasan ɗakin baƙi sai baki. Daga nan ido ba ya sauka daga kansa, musamman in akwai ruwa kusa, don yaro ƙarami kan nutse a ruwan da bai wuce tsawon yatsa ba, kuma ba a jin ihunsa.

A wannan tsakanin, mai shayar da nono zalla, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a yi har wata 6, ta huta da tunanin ruwan wurin da za a je, tunda yaron ko ruwa ba a ba shi. Amma a duba ɗaya fuskar: abincin yaron a jikinta yake, ba ta da mataimaki a wannan, don haka duk sauran ayyukan ya kamata su sauka daga kanta. Masu ba da madarar gwangwani kuma nasu aikin daban ne. Garin madarar ba ya rasa ƙwayoyin cuta ɗungurungum, shi ya sa hukumar ta ce a dama shi da tafasasshen ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba, a huce shi kafin a ba yaro, wanda ya wuce awa 2 a ajiye kuma a zubar. Wannan yana nufin butar dafa ruwa, da fulas, da wurin wanke fida, kowane dare. Kafin a kama ɗaki a tambayi ko akwai waɗannan. Kuma wannan aiki ne da uba zai iya ɗauka gaba ɗaya, ba tare da wani uzuri ba.

Babban kuskurena shi ne wurare ukun nan. Jariri mai wata 4 zuwa 11 yana buƙatar barcin awa 12 zuwa 16 a kwana, har da na rana. In ka cire wannan, ka cire lokacin shayarwa da sauya famfas da wanka, abin da ya rage na fita bai wuce awa biyu da safe da awa biyu da yamma ba. Duk ranar da aka sauya masauki kuwa ta tafi a banza: a kwashe kaya, a naɗe gadon yaro, a loda, a sauke, a sake neman inda za a ajiye kowane abu, shi kuma yaron ya sake koyon sabon ɗaki. Mu cikin kwana biyar sau uku muka yi haka. Wuri ɗaya ya isa. Abin kallo ɗaya a rana ya isa, kuma in ranar ta ƙi, a bar shi ba tare da ɓacin rai ba. Rana ma ba ta barin a yi yawo yadda ake so, don jaririn da bai kai wata 6 ba inuwa ake nema masa, ba a barin rana ta doke shi kai tsaye.

Nisan wurin kuma mota ce ke yanke shi. Ina ganin iyaye masu ƙaunar 'ya'yansu suna shiga doguwar hanya da jariri a cinya, uwa ta rungume shi tana ganin babu inda ya fi nan aminci. In aka yi karo, ko aka taka birki da ƙarfi, babu hannun da zai iya riƙe shi, komai ƙaunar mai hannun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar jarirai ta mota na iya rage mutuwarsu a haɗari da kashi 71 cikin 100. A kujerar baya ake ɗaura ta, yaron yana fuskantar baya. Ita ma kujerar ba wurin kwana ba ce. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada jariri ya wuce awa 2 a cikinta ba a tsaya an ciro shi ya miƙe ba, saboda zaman lanƙwashe kan takura numfashinsa. Tafiyar da direba ke yi cikin awa huɗu, da jariri awa shida ce. Sai wani abu da nake roƙon kowa ya riƙe: motar da aka rufe a rana, zafin cikinta kan ƙaru da kusan digiri 10 cikin minti 10, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Iyayen da suka manta yaro a mota ba mugaye ba ne. Sau da yawa gajiya ce da sauyin abin da aka saba, kowa yana zaton yaron na hannun ɗayan. Tafiya kuwa ta haɗa duka biyun. A ƙa'idance, duk wanda ya sauka ya leƙa kujerar baya, ko da minti ɗaya za a yi.

Wurin kwanan yaro shi ne abin da na fi tsananta tambaya a kai yanzu. Farkon watannin nan da suka fi daɗin tafiya ya faɗo cikin watannin da mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta fi yawa, wato tsakanin wata 2 da wata 4. Abin da aka gano yana rage ta ba shi da wuya: a kwantar da yaro rigingine, a kan shimfiɗa mai tauri wadda ba ta da gangara, babu matashi, babu bargo mai kauri, babu 'yar tsana. Da aka fara yekuwar kwantar da jarirai rigingine a Amurka a 1994, irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. A gida iyaye kan kiyaye. A tafiya ne ake sakaci, don katifar masauki laushi gare ta, matasai sun yi yawa, an gaji, sai a ce daren yau kawai. Mafi haɗari shi ne babba ya yi barci da jariri a kan doguwar kujera ko kujera mai hannu, kuma nan ne daidai uwar da ta gudu daga gado don kada ta tashi mijinta take ƙarewa. Kada a wadatu da "akwai gadon jarirai" da aka rubuta a talla. A kira a tambaya, a ce su turo hoto, in babu tabbas a tafi da na naɗewa, a kuma saba wa yaron kwana a cikinsa tun a gida.

Duk waɗannan ana iya samunsu a bakin ma'aikacin lafiya. Abin da ba zai faɗa maka ba shi ne wanda ya faru a banɗakin nan. Da muka dawo gida na zauna na tambayi kaina abin da na sani game da 'yata. Ban san lambar famfas ɗinta ba. Ban san guda nawa take ɓatawa a rana ba. Ban san inda ma'aunin zafin jiki yake a cikin jaka ba, ban san wane kuka ne na yunwa wane ne na barci ba. Duk wannan lissafi a kan mutum ɗaya yake, dare da rana, kuma shi ya fi ɗaukar yaron gajiyarwa. Ni a ganina ina taimako, don kullum nakan ce, "Faɗa mini abin da zan yi." Ban lura ba cewa faɗin ma aiki ne. Sai ta tuna, ta tsara, ta faɗa, ta duba ko na yi daidai, sannan ta gode mini. Wanda ake aika bai ɗauke wa mai aike nauyin tunani ba.

Don haka rabon aiki a gida ake yin sa, a fili, da ƙarfe da minti, kafin a fita. Daga asuba zuwa ƙarfe goma yaron nawa ne: in ta shayar da shi na karɓa, ni zan sa shi ya yi gyatsa, in sauya masa, in fita da shi daga ɗakin gaba ɗaya, don uwa ba ta iya barci tana jin motsin ɗanta. Jakar yaro ni zan haɗa, ni zan san abin da ya ƙare. Kuma kada a bari sai an isa masauki a fara. Jaririn da bai saba yin barci a kafaɗar ubansa a gida ba, ba zai fara a baƙon ɗaki ba. Zai tsala ihu, uban ya ce "ke yake so," a miƙa mata, shi ke nan an koma gidan jiya. Mako biyu kafin tafiya uba ya fara karɓar wannan lokaci kullum, ya sha kukan kwanakin farko, har yaron ya san hannunsa. Wasu kan tafi da kaka ko ƙanwa ko mai raino, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na yarda. Sai dai a tambayi matar tukuna. In wadda aka ɗauko mutum ce da sai an yi mata hidima an kuma ji nauyinta, an ƙara wa uwar aiki ne. In kuma ƙanwa ce ko mai raino, ita ma mutum ce, a ware mata nata lokacin.

Saura mutanen da ba su san mu ba, waɗanda suka yi mana kallon nan a bakin lifta. A 2019 aka yi ta muhawara da aka ga kamfanin Japan Airlines yana sa alama a taswirar kujerun jirgi, mai nuna inda ɗan ƙasa da shekara 2 zai zauna, don mai sayen tikiti ya nisance shi in yana so. A 2023 kamfanin Corendon ya sanar da ware sashe a jirginsa wanda sai mai shekara 16 zuwa sama. Har an kai ga wasu iyaye suna raba wa fasinjoji 'yan ƙunshin alewa da abin toshe kunne da takardar ban haƙuri, tun yaron bai buɗe baki ba. Ban ƙi mutum ya nemi wurin da zai yi barci a jirgi ba. Wataƙila ba shi da lafiya, wataƙila aiki ke jiransa da safe. Abin da na ƙi shi ne tunanin da ke bayan kallon, cewa kukan jariri laifin iyayensa ne, kuma mai goyo ba ta da hurumin shiga inda mutane suke. Jariri yana kuka a jirgi ne saboda dalili. Iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, in an zo sauka matsin ya sauya kunnensa ya yi ciwo, shi kuma bai san ya haɗiyi yawu da gangan ba. Shi ya sa ake ba shi nono ko fida a lokacin. Uwar da ke fama da shi ta fi kowa a jirgin son ya yi shiru. Mu da muke cewa ɗa na kowa ne, mafi ƙarancin abin da za mu yi mata shi ne mu sauke ido, in da hali mu ɗauko mata jakar da ta faɗi. Wannan kallon ne ya kai mai ɗakina banɗaki da ƙarfe ukun dare.

Su ma kamfanonin jiragen akwai abin da nake jira daga gare su wanda ya fi ware sashen manya. An yarda ɗan ƙasa da shekara 2 ya zauna a cinya, amma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka da kanta tana cewa wurin da ya fi masa aminci shi ne kujerarsa ta kansa, a ɗaure. A watan Mayun 2024 jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya gamu da mummunar gargada a sama, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka jikkata. A irin wannan daƙiƙa hannu ba ya riƙe komai. Iyaye da yawa ba su da ƙarfin sayen kujera ta uku, kuma ban ga laifinsu ba. Kamfanin da ya iya tsara wa masu gudun kuka wurin zama, zai iya sauƙaƙa wa jaririn wurin da zai zauna lafiya.

Bayan wata biyu muka sake fita. Wuri ɗaya, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, kwana uku. Na kira masaukin sau biyu a kan maganar gadon yarinya, na nemi ɗakin da ke ƙarshen baranda, na rubuta sunan asibitin da ya fi kusa a takarda na soke a cikin katin rigakafinta. Ni na haɗa jakar. Mai ɗakina ta duba ta ƙara abu biyu da na manta. Ba komai ne ya tafi daidai ba. A dare na biyu yarinyar ta ƙi barci har ƙarfe ɗaya, abin kallo ɗaya tilo da na sa a rai ma ba mu je ba. Da asuba, bayan ta sha nono, na saɓa ta a kafaɗa na sauko da ita harabar masaukin. Muka yi ta kai da komo a ƙarƙashin bishiyoyi, ta kama wani ganye ta ƙi saki, ta yi mini tumbuɗi a riga, can barci ya ɗauke ta. Ƙarfe goma na hau sama na buɗe ƙofa a hankali. Uwarta na kwance yadda na bar ta, labule a rufe, hannunta ɗaya a kan wurin da yarinyar kan kwanta in tana shan nono. Na duba agogo, na duba yarinyar, na ga za ta iya kai wani rabin awa. Na ja ƙofar muka sake sauka.